Kwat Mai Wutsiya a Idon Telan Gadarif

A ce wani saurayi ya shiga kasuwar Gadarif ana saura mako uku bikinsa. Ya ratsa layin masu riɗi da dawa, ya iske tela a bakin shago yana taka keke, ya miƙa masa wayar hannu ya ce, “Baba, irin wannan nake so.” A cikin hoton ga Bature tsaye da baƙar kwat. Gabanta ya yanke a ƙugu, bayanta ya zuba har bayan gwiwa ya rabu biyu kamar wutsiyar tsattsewa, ga farar falmaran, ga farin ɗaurin wuya mai siffar malam-buɗe-littafi. Tela mai gaskiya zai daɗe yana kallo, sa'an nan ya mayar da wayar ya ce, “Ɗana, zan iya yi maka mai kama da ita.” Amsar nan daidai ce, gama kama da wane ba wane ba ne. Tsakanin rigar da ke cikin hoton da wadda za a iya fitarwa a mako uku akwai tazara mai yawa, tazarar kuwa ba ta Gadarif kaɗai ba ce. Har a Landan, inda aka haifi rigar, yawancin abin da ake sayarwa yau da sunanta mai kama da ita ne kawai.

Kwat mai wutsiya ba tufar Gadarif ba ce. Gadarif garin noma ne a gabashin Sudan, a kan baƙar laka, ba nisa da iyakar Habasha, inda zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Dattijon garin in zai fita taro, farar jallabiya yake sawa, da hula, da rawanin da suke kira imma, da mayafi a kafaɗa, da takalmin markubu. Hausawan garin kuwa, waɗanda kakanninsu suka biyo hanyar hajji a ƙasa, suna da wata tufar dabam a ƙasan akwati. Tun kafin zuwan Turawa alhazai suke ratsa ƙasar, amma bayan yaƙin Burmi a 1903, sa'ad da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi, jama'a mai yawa ta yi gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda garin Mai Wurno kusa da Sinnar yake ɗauke da sunansa har yau. Da jirgin ƙasa ya iso Gadarif a 1928, noman tarakta kuma ya fara a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, sai ƙwadago ya jawo waɗansu da yawa suka zauna. Sun zo da babbar riga, suka iske jallabiya. Saboda haka telan Bahaushe a garin nan ya tashi da makarantar ɗinki biyu a hannunsa. Ta uku, wato ta kwat, ta cancanci ya dube ta ko da ba zai taɓa ɗinka ta ba, domin ita ce tufar da ba ta da wurin ɓoye kuskure, kuma abin da ya same ta cikin shekara ɗari shi ne yake samun sauran biyun yanzu.

Asalinta rigar hawan doki ce. A ƙarshen ƙarni na 18 attajiran karkarar Ingila suka yanke gaban doguwar rigarsu don kada ta dami gwiwa a kan sirdi, suka tsaga bayan don ya sauka hagu da dama. George Brummell, wanda aka haifa a 1778, abokin Yariman Ingila na lokacin, shi ya koya wa manyan Landan cewa kyan namiji yana wurin yanka da tsabta, ba yawan zinariya da launi ba. Shi kansa bashi ya kore shi zuwa Faransa a 1816, ya mutu a can cikin talauci a 1840, amma koyarwarsa ta zauna. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 rigar ta zama baƙa, ta bar doki ta koma zauren liyafa, ba a sa ta sai bayan faɗuwar rana. Tana da 'yar'uwa ta rana wadda gabanta yake gangarawa a karkace, ita ake gani a bikin auren gidan sarautar Ingila, amma ba ita ake magana a kanta a nan ba.

Abu na fari da zai ba telan Gadarif mamaki shi ne yawan gutsattsarin. Jallabiya da babbar riga rataye suke a kafaɗa. Yadinsu a miƙe ake yanka shi, ya sauka yadda nauyinsa ya kai shi, iska kuma ta shiga tsakaninsa da jiki. Kwat mai wutsiya kuwa ginawa ake yi, kamar yadda maginin tukwane yake bi da yumɓu. Bayanta gutsure biyu ne sirara. Kusa da su akwai gutsure biyu na kwiɓi, waɗanda ɗinkinsu yake tasowa daga bayan hammata ya lanƙwasa ya gangara zuwa ƙugu. Sai gaba biyu. Sai wutsiyoyin, waɗanda ake yanka su dabam, a haɗa su da saman ta wurin ɗinki guda da ya kewaye ƙugu. Wannan ɗinkin ƙugu shi ne asirin siffar, gama shi yake ba tela dama ya matse saman ya bi ramin baya, ya kuma saki wutsiyar ta naɗo cinya kaɗan maimakon ta yi lilo kamar tuta. A cikin ninkin wutsiyar akan ɓoye aljihu, inda mutum yake sa safar hannu, don kada wani abu ya kumbura masa gefe.

Almakashi da allura ba su isa wannan aiki ba, sai da dutsen guga. Ulu yana da hali wanda auduga ba ta da shi: in aka jiƙa shi aka ɗora masa zafi, ana iya tsuke shi a wuri guda a kuma miƙar da shi a wani. Tsohon tela yakan ɗauki sa'o'i yana wannan kafin ya haɗa ko ɗinki ɗaya, har yadin da yake shimfiɗe ya sami tudu inda allon kafaɗa zai zauna, ya sami kwari inda baya ya shiga. Yadin dā mai nauyi ne, oza 16 ko fiye a kowane yadi, saboda haka yana karɓar gugar ya riƙe. Na yanzu yakan tsaya wajen oza 10 ko 11. Ya fi daɗin sawa, amma ba ya jin magana kamar na dā.

Sa'an nan akwai abin da za a iya kira ƙashin rigar, wanda mai sawa ba ya taɓa gani. Tsakanin baƙin yadin waje da shafin ciki akan sa wani ƙyalle mai tauri na lilin da ulu, a kan ƙirji kuma a ƙara wanda aka saƙa da izgar doki, domin izga in an lanƙwasa ta takan koma yadda take. Ba a manne wannan ƙashi da yadin. Ana kama shi ne da ƙananan ɗinki na hannu, ɗaruruwa, jere bayan jere, kowane ɗinki yana ɗaukar zare ɗaya ko biyu na yadin waje ba tare da ya ɓullo ba. A wurin leɓen ƙirji, wato ɓangaren da ya naɗo daga wuya ya kwanta a kan ƙirji, tela yakan naɗe yadin a kan yatsansa yana ɗinkin, saboda haka in ya gama leɓen yana lanƙwashe da kansa, ba guga ce ta karya shi ba. Daga baya a rufe fuskarsa da siliki. Wanda ya taɓa ganin leɓen hannu kusa da na inji ba zai ƙara ruɗewa ba. Ɗaya yana tasowa kamar ganyen da bai bushe ba, ɗayan yana kwance kamar takardar da aka ninke.

Wurin da aka fi gane gwani shi ne hammata. Mai karatu zai zaci cewa in ramin hannu ya yi faɗi mutum zai fi sakewa. A kwat akasin haka ne. In ramin ya yi ƙasa, duk sa'ad da mutum ya ɗaga hannu sai rigar duka ta bi shi, kwala ta bar wuya, gaba ya tashi. In ramin ƙarami ne, ya hau har cikin hammata, hannu yakan motsa shi kaɗai jikin rigar yana nan inda yake. Kan hannun rigar kuma akan yanka shi ya fi ramin girma, a shigar da rarar a hankali da yatsa da guga, ba tare da tattara ko ɗaya ta nuna ba. Ana ba da labarin Fred Astaire, ɗan rawan Amurka wanda ya yi fim ɗin Top Hat a 1935, cewa in ya je gwaji wurin telolinsa a Landan yakan yi rawa a gaban madubi, ya tsaya farat ɗaya ya duba ko kwala ta rabu da wuyansa. Ko an ƙara wa labarin gishiri, gwajin gaskiya ne. Ga shi kuma rigar ba a ɓalle ta. Tana da maɓalli uku a kowane gefe na gaba, amma gefunan ba sa haɗuwa. Babu abin da yake riƙe ta a jiki sai yankanta. In yankan ya kuskure da faɗin yatsa biyu, sai gaban ya buɗe kamar ƙofar da ba ta da sakata.

Kwat ɗin ba ta tsayawa ita kaɗai. Wandonta yana hawa sama da cibiya, igiyar kafaɗa ce take riƙe shi, yana da zirin siliki biyu a kowace ƙafa. Farar falmaran gajera ce, tana rufe bakin wandon, ita kuma gaban kwat ya rufe ƙasanta. Abu uku ne, tilas a auna su tare a jiki guda. A nan ne zamani ya fi yin tuntuɓe. Maza sun saba da wando mai zama a kwankwaso. Da wando ya sauka, sai a tsawaita falmaran don ta rufe shi, da ta tsawaita kuwa sai ta leƙo a ƙarƙashin kwat, farin ƙyalle ya raba mutum biyu a daidai tumbinsa. A watan Yuni na 2019, a liyafar da Sarauniya Elizabeth ta biyu ta yi wa Shugaba Donald Trump a fadar Buckingham, falmaran ɗinsa ta leƙo ƙasa da gaban kwat sosai, jaridu suka yi kwanaki suna maganar. Ba rashin kuɗi ne ya jawo wannan ba. An haɗa kayan ne ba tare da wani ya tsaya ya auna ukun tare ba.

To, me ake sayarwa yanzu? Tun daga shekarun 1950 da 1960 masana'antu suka sami wata dabara: ƙyalle mai gam a gefe guda, a ɗora shi a bayan yadi a danne da zafi, cikin daƙiƙu kaɗan ya manne. Aikin kwana biyu ya koma na minti guda. A ranar fari rigar gam da rigar ƙashi suna kama da juna a hoto. Bayan wanki da zafi da gumi sai gam ya fara saki wuri wuri, ƙirji ya yi ƙuraje waɗanda babu gugar da take warkar da su. Ramin hannu an saukar da shi, domin rigar da aka yanka wa kowa tilas ta shiga kowa. Wutsiyar ta zama falle biyu a miƙe. Yadin an gauraya shi da roba, yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Yawanci ma haya ake ɗauka, al'adar kuwa tsohuwa ce, gama kamfanin Moss Bros na Landan ya fara ba da hayar kayan dare tun 1897. Hausawa sun riga sun yanke wa wannan hukunci da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.

Amma wanda zai yabi tsohon aiki, wajibi ne ya faɗi kuɗin da aka biya dominsa da kuma wanda ya biya. Waɗannan ɗaruruwan ɗinki ba mai shagon da sunansa yake a bakin ƙofa ne ya yi su ba. Henry Mayhew ya rubuta halin maɗinkan Landan a jarida a 1849 da 1850, Charles Kingsley kuma ya fitar da ƙasida a kansu a 1850: mutane cunkushe a ɗakuna marasa iska, ana biyansu bisa ga guda, ido yana mutuwa kafin tsufa. A 1889 telolin Yahudawa na gabashin Landan suka yi yajin aiki na makonni, abin da suke nema kuwa a rage musu aiki ya dawo sa'a 12 a yini. Mai karatu ya tsaya a kan wannan adadi kaɗan. Rigar kanta ma ba ta da tausayi. Gaban taguwar da ake sawa a ƙarƙashinta an sha masa sitaci har ya zama kamar allo, kwalar dabam take ana kama ta da maɓallan da ake cirewa, mai hali yakan ajiye bara musamman don ya shirya shi. Aikinta na biyu, bayan ado, tsaron ƙofa ne: wanda ba shi da ita ya san ba a gayyace shi ba. Turawan kansu sun gaji da ita. A 1865 shagon Henry Poole ya ɗinka wa Yariman Wales gajerar kwat marar wutsiya don cin abinci a gida, ita ce daga baya ta kori uwarta daga yawancin liyafa. A ƙasashen zafi kuwa suka ƙirƙiro abin da suka kira shigar Bahar Maliya, wato baƙin wando da farar taguwa da ɗaurin wuya da ɗamara a ƙugu, babu kwat ko kaɗan. Rana ta ci su da hujja.

Sabon aiki kuma ba duka ne na banza ba. Masu rawar gasa da makaɗan manyan zauruka suna sa kwat mai wutsiya dare bayan dare, telolinsu kuwa sun samo yadi mai sauƙi mai miƙewa, wanda yake barin hannu ya tashi sama da kai. Wannan ci gaba ne na gaske, gama an duba bukatar jiki aka amsa ta. Har wa yau a titin Savile Row akwai shagunan da suke yin aikin hannu. Ƙungiyar da suka kafa a 2004 ta sa ƙa'ida cewa kwat da wando na gaske ba za su ci ƙasa da sa'a 50 na aikin hannu ba, da gwaji fiye da ɗaya a jikin mai su. Saboda haka rabon da ake yi tsakanin “na dā” da “na yanzu” bai faɗi daidai ba. An yi ɗinkin ha'inci a 1850, ana yin na amana a yau. Rabon gaskiya yana tsakanin rigar da aka yanka wa wani mutum sananne da wadda aka yanka wa lamba, da kuma tsakanin abin da yake aiki da abin da yake kwaikwayon aiki.

A kan wannan batu na biyu tarihin Gadarif yana da abin faɗi. Garin ya kasance sansanin rundunar Mahadi har watan Satumba na 1898. Rigar mabiyan Mahadi, jibba, da fari rigar faci ce ta gaske, tsumma a kan tsumma, alamar gudun duniya. A zamanin Halifa Abdullahi, sa'ad da Umdurman ta zama babban birni, sai facin ya zama ado: sabon farin yadi, a yanka masa gutsattsari masu launi daidai wa daida, a jera su hagu da dama, a bi gefensu da ɗinki mai kyau. Babu ramin da suke rufewa. Haka maɓallan nan biyu da suke bayan kwat a daidai ƙugu, waɗanda ake cewa dā ana ɗage wutsiya a maƙala musu lokacin hawa. Yau ba sa riƙe kome. Duk da haka ba za a kira facin jibba ko maɓallan baya ha'inci ba, gama kowa ya san ado ne, ba wanda aka ruɗa, suna tuna wa mai gani inda rigar ta fito ne kawai. Gam a ƙirji kuwa wani abu ne dabam. Yana cewa akwai ƙashi a inda babu, kuma ba ya faɗin gaskiya sai bayan an biya kuɗi an tafi gida.

Manyan ƙasashen nan ba su taɓa ganin tufarsu ta gaza kwat ba. A 1919 ayarin shugabannin Sudan ya je Landan wurin Sarki George na biyar, cikinsu da Sayyid Ali al-Mirgani, da Sayyid Abdurrahman al-Mahadi, da Awad al-Karim Abu Sin na Shukuriyya, zuriyar mutumin da tsohon sunan Gadarif, Suk Abu Sin, yake tunawa da shi. Da rigunansu da rawunansu suka shiga fada. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka yi irin wannan tafiya, su ma haka. A bikin kyautar Nobel, wanda ake yi a ƙasar Suwidin ran 10 ga Disamba kowace shekara, ƙa'idar maza ita ce kwat mai wutsiya ko tufar ƙasar mutum. Abdus Salam na Pakistan ya karɓi tasa a 1979 da rawani, Wole Soyinka kuma a 1986 da tufar gida. Wato a wurin da aka fi tsananta wa shiga a duniya, babbar riga da kwat daraja ɗaya aka ba su.

In darajarsu ɗaya ce, to, awonsu ma ɗaya ne, a nan kuwa maganar ta dawo gida. Tsohuwar babbar riga, irin saƙi ko girke ko tsamiya, daga sirara-siraran ƙyallen masaƙa ake harhaɗa ta, kowane ziri a ɗinka shi da ɗan'uwansa da hannu. Malami ya zana aska biyu ko aska takwas, da tambari a gaba da baya, sa'an nan mai allura ya zauna watanni yana cikewa. A ƙasan rigar ta ciki akan sa shafi mai launi, wanda ba a gani sai mai ita ya taka ko ya naɗe hannun rigar a kafaɗa. Shafin nan ado ne, aiki ne kuma, gama nauyinsa ne yake sa rigar ta zuba. Daga nan a kai wa masu bugu su fitar mata da sheƙi. Wannan duka ɗan'uwan aikin Savile Row ne, ko da yake masu yinsa ba su san juna ba. Ta yanzu fa? Shadda ce, in an yi sa'a ta Getzner daga Ostiriya, in ba haka ba mai kwaikwayonta. Aikin wuya kwamfuta ce take zuba shi cikin 'yan sa'o'i, don kada yadin ya tattare kuma sai a manna masa ƙyallen gam a baya. Gam ɗin da ya ɓata ƙirjin kwat shi ne yake bayan askar riga, shi ne kuma yake cikin wuyan jallabiya da kaftani. A garin da ake wanki da hannu a shanya a ranar Afrilu, kwanansa ba su da yawa.

Akwai inda babbar riga ta fi kwat nesa ba kusa ba. Kwat mai wutsiya ta mutum ɗaya ce a shekarunsa na ƙuruciya. Tsofaffin teloli sukan bar rarar yadi a cikin ɗinki don a saki in mai ita ya yi ƙiba, amma rarar tana da iyaka, in tumbi ya wuce ta sai rigar ta koma akwati. Babbar riga ba ta tambayar ƙugu. Uba ya sa, ɗa ya gada, jika ya yi aure da ita, shi ya sa ta iya ƙetare Wadai da Darfur da Kurdufan a cikin ƙunshin mahajjaci ta kuma yi amfani bayan shekara hamsin. Sai dai wannan yalwa ita ce take lalata tela. Tun da rigar tana rufe kuskure, sai hannu ya saba da sakaci. Jallabiya tana da wurare uku da ba sa yafewa: faɗin kafaɗa, da zagayen wuya, da ɗan ƙyallen da ake sakawa a hammata. Ƙyallen nan aikinsa ɗaya da na ƙaramin ramin hannun kwat, wato ya bar hannu ya tashi ba tare da ya ja rigar ba. Masu ɗinkin kasuwa na gaggawa sukan ƙanƙanta shi ko su bar shi gaba ɗaya, sai a ga mutum ya miƙa hannu zai gaisa, ƙasan jallabiyarsa ya bar idon sawu ya nufi ƙwauri.

Ba daidai ba ne a ɗora wa tela laifin duka. Mai saye yana son aikin wata uku a mako uku, a farashin inji. Yaron da aka kawo koyon sana'a ya ga maigidansa ya yi wata guda a kan wuyan riga ɗaya ya sami abin da mai kwamfuta yake samu a yini biyu, ba ya bukatar wa'azi kafin ya zaɓa. Halin ƙasa kuma ya ƙara nauyi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, Gadarif ta karɓi dubban masu gudun hijira, har makarantu suka zama wurin kwana. Mutumin da ya bar gidansa da rigar jikinsa ba a yi masa maganar izgar doki. Ya sayi abin da aljihunsa ya kai, babu abin kunya a ciki. Abin zargi shi ne a sayar masa da gam da sunan aikin hannu, a karɓi kuɗin ɗayan a ba shi ɗayan. Telan da ya ce wa saurayin nan “mai kama da ita” ya riga ya kuɓuta daga wannan zargi, ko da bai taɓa riƙe yadin ulu ba.

Ganewar kuwa ba ta da wuya. In kwat ce, a kama yadin gaba ƙasa da ƙirji da yatsa biyu ta waje, a kama shafin ta ciki, a ja su a hankali. In an ji wani ƙyalle na uku yana yawo a tsakani, ƙashi ne. In babu kome sai kauri, gam ne. Sa'an nan a sa ta a ɗaga hannu biyu, wani ya tsaya a baya ya duba kwala. In babbar riga ce, a juya ta a duba bayan askar. Aikin hannu yana da ƙulli nan da can, tazarar ɗinkinsa ba ta zama ɗaya sak, yadin kuma yana da laushi in an murza. Na inji bayansa cike yake da farin zaren ƙasa, ga ragowar ƙyallen gam a gefe inda almakashi bai kai ba.

Saurayin nan yana da mako uku. A cikinsu telan zai iya auna masa kafaɗa da wuya sau biyu, ya yanka jallabiya, ya kama ta da farin zare, ya kira shi gwaji, ya sa shi ya ɗaga hannu ya sunkuya ya zauna, ya warware inda ya ja, sa'an nan ya hau keke. In kuma akwai tsohuwar riga a akwatin gidansu, kwana biyu sun isa a duba shafinta, a kama inda ya saki, a wanke ta a shanya a inuwa.